Gyaran hoto a kan Windows 7: Abin da tsohuwar kwamfuta za ta iya, da inda ƙarfinta ya ƙare

Duk matashin da hannunsa ya faɗa a gyaran hoto da waya, ko da Snapseed yake aiki ko PicsArt, akwai ranar da allon wayar zai yi masa kaɗan. An kawo aikin katin gayyatar biki, ko fosta, ko hoton fasfo da za a jera takwas a takarda ɗaya a buga. Sai ya tuna da kwamfutar tafi-da-gidanka ta yayansa da ke ajiye tana shan ƙura, ko ya tara kuɗi ya sayi ta hannu a kasuwa. Ya kunna, Windows 7 ta buɗe lafiya lau. Ya ƙona data ya sauke sabuwar manhajar gyaran hoto, yana dannawa sai saƙo ya fito cewa ba za ta hau ba, ko kuma wai babu wani fayil mai ƙarewa da DLL.

A nan da yawa suke yanke hukuncin cewa kwamfutar ta gama yayi. Alhali lafiyarta ƙalau, manhajar da aka sauko mata ce ba tata ba.

Windows 7 ta fito ne a watan Oktoban 2009, kuma kamfanin Microsoft ya daina aika mata gyare-gyaren tsaro ranar 14 ga Janairun 2020. Kowace manhaja tana jingina ne da wasu kayan aiki da ke cikin Windows ɗin kanta. Da masu ƙera manhajoji suka koma amfani da kayan da sai a Windows 10 ake samun su, sai suka riƙa janye jiki daga Windows 7 ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa dabarar nan da ake yawan ba mutane, wai su shiga Properties su kunna Compatibility mode, ba ta tsinana komai a nan. An yi ta ne don tsohuwar manhaja ta yi aiki a sabuwar Windows, ba akasin haka ba. Sauke fayil ɗin DLL daga wani shafin da ba a sani ba a cusa shi cikin kwamfuta ya ma fi muni, domin ta nan ɓarayin intanet suka saba shigo da mugun kaya.

Abin da ke aiki shi ne neman siga ta ƙarshe da aka yi wa Windows 7.

A ɓangaren Photoshop, ta 2020 ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7, ita ma sai mai 64-bit. Daga ta 2021 zuwa sama sai Windows 10. CS6 ta 2012 kuwa, wadda har gobe ake ganinta a shagunan buga takardu da na ɗaukar hoto, tana gudu sumul ko a kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Matsalarta ɗaya: ita ce ta ƙarshe da ake saye sau ɗaya a mallaka, kuma tuni Adobe ya daina sayar da ita, ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata tun 2013. Ke nan mafi yawan CS6 da ake tura wa mutane a filashi fasassa ce, kuma ba wanda ya san abin da mai fasawar ya ƙunsa a ciki.

GIMP ce mafita mafi tsabta. Kyauta ce, kuma jerin 2.10 da ya fara fita a 2018 yana aiki a Windows 7. Ta ƙarshe a jerin ita ce 2.10.38 ta 2024. GIMP 3.0 da ta fito a Maris ɗin 2025 sai Windows 10 zuwa sama, kuma sabuwar siga ce maɓallin saukewa na shafinsu zai fara miƙo wa mutum, don haka sai an shiga rumbun tsofaffin sigogi na shafin nasu an zaɓo. Tana buɗe fayil ɗin PSD, tana cire bayan hoto, tana gyara haske da launi. Wanda ya saba da Photoshop zai yi kwana biyu yana laluben inda aka ajiye kaya, amma abin da aikin kati da fosta ke buƙata duk yana ciki. Wanda kuma yake son mai sauƙi, Paint.NET 4.3.12 ce ta ƙarshe da ta yarda da Windows 7 da 8.1.

Sai dai inda gizo ke saƙar ba a manhajar kaɗai yake ba. Kwamfutar tsohuwa ce, hotunan kuwa daga wayar yau suke fitowa.

Tun daga iOS 11 a 2017, iPhone tana ajiye hoto da tsarin HEIC maimakon JPG. Hotunan da ake saukewa daga shafukan intanet kuma da yawansu WebP ne, tsarin da Google ya ƙirƙira. Photoshop CS6 ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba, ita kanta sabuwar Photoshop sai a 2022 ta fara buɗe WebP ba tare da an ƙara mata komai ba. Abin mamaki, GIMP 2.10 ta kyauta tana buɗe duka biyun. Wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye ta a kwamfuta ko da mutum da wata manhajar yake aiki: ya buɗe hoton a GIMP, ya fitar da shi a JPG ko PNG, ya ci gaba da harkarsa. Mai iPhone zai iya kashe maganar tun daga tushe idan ya shiga Settings, ya taɓa Camera, sannan Formats, ya zaɓi Most Compatible.

Sai maganar nauyi. Hoton da ya nuna megabait 4 a waya a matse yake. Da zarar manhaja ta buɗe shi sai ta warware shi, kowane ɗigon hoto ya ci bait 4. Hoto mai megafiksel 12 zai koma kusan megabait 48, mai megafiksel 50 irin wanda wayoyin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu ke iya ɗauka kuwa kusan megabait 200, kuma wannan shimfiɗa ɗaya ce tak. A ɗora shimfiɗa biyar, a haɗa da abin da manhajar ke riƙewa don mutum ya iya komawa baya idan ya yi kuskure, an wuce gigabait guda. Windows mai 32-bit ba ta iya cin moriyar RAM da ya haura gigabait 4, hasali ma abin da take gani bai kai haka ba. Daga nan ne kwamfuta take fara sandarewa. Maganin kuwa ba ya cin ko sisi: a rage girman hoton kafin a fara aiki. Abin da za a ɗora a Instagram ko a buga a kati ba ya buƙatar megafiksel 50. Wanda yake da ɗan kuɗi kuma, sauya tsohon faifan ajiya da SSD da ƙara RAM zuwa gigabait 8 a kan Windows mai 64-bit ya fi duk wata dabara tasiri.

Haɗarin gaske yana wajen intanet. Chrome 109 na farkon 2023 shi ne na ƙarshe a Windows 7, don haka burauzar da Windows ɗin duka a buɗe suke ga duk wata ɓaraka da aka gano bayan nan. A Mayun 2017, lokacin da manhajar garkuwa da fayiloli ta WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila, mafi yawan kwamfutocin da ta kama masu Windows 7 ne da ba a sabunta ba, kuma a wancan lokacin Microsoft yana kula da ita. Mai ajiye hotunan bikin mutane da na fasfo ɗinsu amana ce a hannunsa. Ya fi masa alheri ya mai da kwamfutar ta gyaran hoto zalla: ya kashe Wi-Fi, ya riƙa kwaso hotuna da kebul ɗin USB, ya ajiye kwafi a wani faifan daban, harkar banki da imel kuma ya bar su a waya. Photopea, wadda ke aiki a cikin burauza kuma take kama da Photoshop sosai, tana da amfani, amma dai ita ma sai an buɗe wannan ƙofar da ake son rufewa.

Komawa Windows 10 ba mafita ce mai ɗorewa ba, ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma sannu a hankali manhajoji za su guje ta kamar yadda suka guji yayarta. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, waɗanda kwamfutocin zamanin Windows 7 ba su da su.

Wanda ya matsu da sabuwar GIMP da burauza mai samun gyaran tsaro, hanyarsa ita ce Linux. Linux Mint mai fuskar Xfce ba ta da nauyi, kyauta ce, kuma tsarinta bai yi nisa da Windows 7 ba, in dai injin kwamfutar mai 64-bit ne. Photoshop da CorelDRAW ba su da sigar Linux, don haka mai shagon da abincinsa ya dogara da su sai ya yi lissafi tukuna. Ana iya ɗora Linux Mint a filashi mai gigabait 8, a tayar da kwamfutar daga kansa, a gwada Wi-Fi da sauti da na'urar buga takarda, ba tare da an goge ko fayil ɗaya daga Windows 7 ɗin da ke ciki ba.