Daidaito a Shirye-shiryen Siyasa na Rediyo da Talabijin: Tanadin Doka da Haƙƙin Jama'a

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa cikin birnin Kano bayan sallar isha'i, tun daga Ƙofar Mata zuwa Mandawari, ko daga Jakara zuwa gindin Dala, zai tarar da jama'a a majalisu da teburan masu shayi sun kewaye akwatin rediyo suna sauraren shirye-shiryen siyasa. Abin da aka faɗa a daren nan shi ne za a wayi gari ana tattaunawa a kansa a Kasuwar Kurmi. Saboda wannan tasiri ne ake yawan tambaya: shin hukuma tana da hurumin tsara yadda kafofin watsa labarai za su raba lokaci tsakanin jam'iyyu, ko kuwa yin hakan tauye 'yancin faɗar albarkacin baki ne? Manufar wannan bayani ita ce faɗakar da jama'a game da tushen lamarin, da abin da doka ta tanada, da kuma haƙƙin da kowane mai saurare yake da shi.

Tushen Lamarin

Rediyo ya iso Kano a shekarar 1944, lokacin da ake rarraba shirye-shirye ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da wuraren taruwar jama'a. A wancan zamani murya ɗaya ce ke fita daga akwatin, wato ta gwamnatin mulkin mallaka. A 1953 Gwamna John Macpherson ya soki jam'iyyar Action Group ta rediyo, Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mayar da martani, aka hana shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jihohin wancan lokaci suka nemi ikon kafa tashoshinsu. Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Jihar Arewa kuma ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna a 1962.

Sai dai kowace gwamnati da ta mallaki tasha ta mai da ita bakinta. A Jamhuriya ta Biyu, gwamnatin PRP ta marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa tashar talabijin ta CTV, wadda a yau ake kira ARTV, domin tana ganin tashar tarayya ta karkata ga jam'iyyar NPN mai mulki a tsakiya. Ke nan, ƙorafin rashin adalci a kafofin watsa labarai ya girmi tashoshin 'yan kasuwa nesa ba kusa ba, kuma waɗanda suka fara yin sa mutane ne da aka toshe wa baki.

A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Badamasi Babangida ta fitar da Doka ta 38, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi. Gidan rediyon Freedom ya fara aiki a Sharaɗa a watan Disamba na 2003, wasu tashoshi da dama suka biyo baya. Shirye-shirye irin su Kowane Gauta sun ba talaka damar jin muryarsa a akwatin da a da sai manya, daga nan kuma aka sami rukunin masu magana da yawun 'yan siyasa waɗanda Kanawa suke kira sojojin baka.

Abin da Doka Ta Tanada

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin riƙe ra'ayi da bayyana shi, da karɓar labari da isar da shi ba tare da katsalandan ba. Sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati domin ta sauke amanar jama'a. Amma sashe na 39 ɗin ya bambanta jarida da rediyo. Kowa yana iya kafa jarida, tashar rediyo ko talabijin kuwa sai gwamnatin tarayya, ko ta jiha, ko wanda Shugaban Ƙasa ya amince masa. Hujjar wannan bambanci ita ce, zangon da ake watsa shirye-shirye a kansa dukiyar al'umma ce mai iyaka. Wanda aka ba lasisi amana aka ba shi, domin ya sami abin da wasu da yawa suka nema ba su samu ba. Don haka ne ma dokar NBC ta haramta ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka gudanar da zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta yi bayani filla-filla. Sashe na 95 ya hana amfani da kayan gwamnati, ciki har da kafofin watsa labarai, domin fifita wata jam'iyya ko ɗan takara, ko domin danne su. Ya kuma wajabta raba lokaci daidai wa daida tsakanin jam'iyyu, a sa'o'i masu kama da juna, don kada a ba wani lokacin da kowa ke saurare a tura abokin hamayyarsa tsakar dare. Dokar ta 2022 ta tanadi tarar Naira miliyan 2 a karon farko ga tashar gwamnati da kotu ta samu da laifin saɓa wannan, da miliyan 5 idan ta sake. Sashe na 96 kuma ya hana tallar 'yan takara a cikin sa'o'i 24 kafin ranar zaɓe da kuma ranar zaɓen kanta.

Baya ga waɗannan, akwai kundin ƙa'idojin watsa shirye-shirye na NBC, wanda ya buƙaci a ji ta bakin kowane ɓangare a kan lamarin da ake taƙaddama, a ba wanda aka zarga damar mayar da martani, a kuma guji kalaman ƙiyayya da tunzura jama'a. A 2020 an ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga Naira dubu 500 zuwa miliyan 5.

Ya kamata a lura cewa waɗannan tanade-tanade iri biyu ne. Na farko yana cewa a buɗe ƙofa ga kowa, na biyu yana cewa wanda ya shigo ya kiyaye harshensa. Mafi yawan rigimar da ake yi tana tasowa ne idan aka ɗauki na biyu aka yi amfani da shi wajen rushe na farko.

Darussa Daga Kano

A watan Maris na 2006, ana tsakiyar muhawarar neman tazarcen Shugaba Olusegun Obasanjo, NBC ta hana gidan rediyon Freedom watsa shirye-shirye daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, ta dakatar da shirye-shiryensa na siyasa, ta kuma ci shi tara. Hukumar ta kafa hujja da kalaman da baƙi da masu bugo waya suke yi ba tare da linzami ba. Gidan rediyon da masu kare 'yancin 'yan jarida kuwa sun danganta matakin da sukar tazarce da ake yi a tashar. Daga baya an janye takunkumin, Majalisar Dattawa kuma ta yi watsi da ƙudurin tazarce a watan Mayu na shekarar.

A watan Fabrairu na 2013 an ga ɗaya fuskar. 'Yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafin shan inna a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shiri na tashar Wazobia da ya soki rigakafin. An gurfanar da wasu 'yan jarida, NBC kuma ta dakatar da lasisin tashar. Wasu sun ce an ɗora wa 'yan jarida laifin da ba nasu ba, wasu kuma suka ce magana zarar bunu ce, wadda aka saki a rediyo ba ta komawa.

A watan Mayu na 2025, bayan taro tsakanin Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Kwamishina Ibrahim Abdullahi Waiya, da shugabannin kafofin watsa labarai, an sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, da buƙatar baƙi su sa hannu a kan alkawarin guje wa zagi da ɓata suna, da kuma jan hankalin masu gabatarwa game da tambayoyin tunzurawa. Ma'aikatar ta bayyana cewa manufar ita ce kare mutuncin mutane da tarbiyyar al'umma. 'Yan adawa da ƙungiyoyin kare 'yancin 'yan jarida sun soki matakin, suna masu nuni da cewa tsarin mulki ya sanya kula da watsa shirye-shirye cikin hurumin gwamnatin tarayya, in ban da tashoshin da jiha ta mallaka.

Matsayin Kotuna

Ita kanta NBC ba ta tsira daga tuhuma ba. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shugabanninta, doka kuma ta ba Ministan Yaɗa Labarai ikon ba ta umarni, abin da ya sa ake tambayar yadda za ta yi alƙalanci tsakanin jam'iyya mai mulki da 'yan adawa. A watan Mayu na 2023, Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya soke tarar Naira dubu 500 da hukumar ta ci tashoshi 45 kowacensu a 2019, ya kuma yanke hukuncin cewa hukumar ba kotu ba ce, ba za ta zama ita ce mai ƙara kuma ita ce alƙali ba. A watan Oktoba na shekarar, Kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke cewa wasu sassa na kundin ƙa'idojin sun saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Amurka ta kafa ƙa'idar adalci a watsa labarai a 1949, wadda ta wajabta wa tashoshi gabatar da ra'ayoyi mabambanta. Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da ita a 1969, amma aka soke ta a 1987 bisa hujjar cewa tana sa tashoshi su guje wa batutuwa masu zafi don tsoron hukunci. Bayan sokewar, shirye-shiryen rediyo masu bin ɓangare ɗaya suka yawaita. Birtaniya kuwa ta riƙe ƙa'idar rashin nuna son kai a labaran rediyo da talabijin, ta kuma haramta sayen lokaci domin tallar siyasa, sai dai a ware wa jam'iyyu fili kyauta. Ruwanda ta nuna ƙarshen sakaci, inda wani gidan rediyo ya taimaka wajen rura wutar kisan ƙare dangi na 1994.

Matsalar Kuɗi

Akwai wani rashin daidaito da ba a cika magana a kansa ba. Yawancin filayen siyasa a tashoshinmu saye ake yi, tashoshin kuma suna buƙatar kuɗin domin biyan albashi da sayen man janareta. Doka ta ce a raba lokaci daidai, amma ga wanda ya biya. Sakamakon haka, mai kuɗi yana iya cika dare da muryoyin magoya bayansa, ƙaramar jam'iyya kuma ba a ji ɗuriyarta ba sai ranar zaɓe a jikin takardar ƙuri'a. Ba a toshe bakin kowa da doka ba, amma an toshe shi da farashi. Ware filin muhawara kyauta ga dukkan 'yan takara, musamman a tashoshin da ake gudanarwa da harajin jama'a, zai rage wannan giɓi ƙwarai.

Ma'aunin da Jama'a Za Su Riƙe

Idan aka zo da wata ƙa'ida a kan shirye-shiryen siyasa, ko daga wace hukuma ta fito, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata a yi. Shin wanda ya kafa ta yana da hurumin yin haka a doka? Shin ta shafi kowa, har da masu mulki da tashoshin gwamnati? Shin tana ƙara yawan muryoyin da ake ji ne, ko rage su take yi? Shin wanda aka hukunta yana da damar zuwa kotu? Ƙa'idar da ta amsa waɗannan tana kare 'yanci, wadda ta kasa kuwa abar dubawa ce.

Wanda aka ɓata wa suna a wani shiri yana da haƙƙin neman tashar ta ba shi damar mayar da martani. Idan ba a saurare shi ba, yana iya rubuta koke ga NBC, ya ambaci sunan shirin da rana da lokaci, domin an wajabta wa tashoshi adana abin da suka watsa na wani lokaci. Yana kuma iya shigar da ƙara a kotu. Ɗaukar doka a hannu, ko tura matasa su far wa tasha ko mai magana, laifi ne babba.

Kammalawa

Kano gari ne da aka san shi da faɗar gaskiya ga masu mulki tun zamanin NEPU da Malam Aminu Kano, kuma gari ne da ya san darajar mutunci da girmama na gaba. Ana kira ga masu tashoshi da su buɗe ƙofofinsu ga kowane ɓangare, ga sojojin baka da su soki manufa da aiki su bar iyaye da iyalan mutane, ga masu riƙe da madafun iko kuma da su tuna cewa ƙa'idar da suka kafa yau ita ce za ta hau kansu ranar da suka koma adawa. Allah Ya zaunar da Jihar Kano da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.