Baturiya: Ga Ruwa Ko'ina, Amma Ina Na Sha?

Duk wanda ya san Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, ya san ƙasar ruwa ce. Tana cikin fadamar kogin Haɗejia, kuma tun 2008 aka sanya dausayinta cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya. To, me ya kawo maganar tara kuɗin ruwan sha a wuri irin wannan?

Amsar ita ce, ba kowane ruwa ake sha ba. Tafkin da shanu ke sha, a nan ake wanki, a nan yara ke iyo su kwaso tsargiya. Idan ambaliya ta zo, kamar ta 2022, ruwa kan kwashi dattin salga ya zuba cikin rijiyoyin da ba su da murfi. Daga nan sai amai da gudawa, cutar da ta yi wa Jigawa ɓarna a 2021. Mafita ita ce rijiyar burtsatse mai zurfi, ko ta tuƙa-tuƙa ko mai sola.

Sai dai fa, 'yan uwa ɗalibai, tono shi ne mai sauƙi. Famfo nawa muka sha gani a ƙauyuka an ƙaddamar da biki, bayan shekara guda ya zama turken awaki saboda wata 'yar roba da ta cinye? Don haka duk wanda ya miƙo maka kwalin gidauniya, ka tambaye shi abu uku kafin ka zura hannu a aljihu.

Na farko, an yi gwajin ƙasa, kuma za a gwada ruwan kafin a sha? Na biyu, za a ɗaga dandamalin famfon sama da inda ambaliya ke kaiwa, nesa da salga? A fadama, in ba a yi haka ba, an yi aikin baban giwa. Na uku, nawa aka ware don gyara, kuma wa zai riƙe? Nan ake buƙatar kwamitin gari, da sanin dagaci, da mata a ciki, tunda su da yara ke ɗawainiyar ruwan gida. A kuma tuntuɓi hukumar ruwan karkara ta jiha tun daga farko.

Batun kuɗi kuwa, kada ya shiga asusun mutum ɗaya. A ba da rasit, a liƙa lissafi a allon sanarwa, a tura a WhatsApp kowa ya gani.

Wanda ba shi da ko sisi ma yana da abin bayarwa: masu karatun injiniya su duba aikin, masu akanta su riƙe littafi. Malamai sun karantar da mu cewa Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Sadaka mai gudana kenan, amma famfon da ya mutu ba ya shayar da kowa.