Murhun Pelet: Yadda Sukurunsa Yake Aiki Da Yadda Ake Gyara Shi Idan Ya Tsaya

A ƙasashen da sanyi ke kai ruwa ga daskarewa, irin su Italiya, Faransa, Kanada da arewacin Amurka, gidaje da dama suna ɗumama ɗaki da wata na'ura da ake kira murhun pelet. Ba itace ake zuba mata ba, ba kuma gawayi ba. Dusar katako ce ake matsewa da inji ta koma 'yan ƙwayoyi masu kaurin milimita 6, kamar abincin kifi. Su ne pelet. A Turai ana sayar da su a buhu mai kilo 15, a Amurka kuma mai kusan kilo 18.

An fara ƙera irin wannan murhu a jihar Washinton ta Amurka a farkon shekarun 1980. Na yanzu suna da fanel da sansa, wasu ma, kamar na kamfanin MCZ na Italiya, daga waya ake kunna su a saita zafin ɗaki. Amma duk wannan fasaha ta rataya ne a kan ƙarfe guda ɗaya mai murɗe: sukurun da ke kai pelet ga wuta. Da zarar ya tsaya, cikin 'yan mintuna wuta ta mutu, gida ya koma kamar firij.

Yadda yake aiki

Idan ka taɓa leƙa cikin injin markaɗe ko injin niƙa nama, ka ga sandar nan mai murɗe da ke tura kaya gaba, to ka san wannan sukuru. Yana kwance ne cikin bututu a ƙasan mazubin pelet. Idan ya juya, sai ya ɗebo ƙwayoyin ya tura su har su faɗa kaskon wuta.

Wani ƙaramin moto mai giya ne ke juya shi, a hankali ƙwarai, sau ɗaya zuwa biyar a minti, gwargwadon samfurin murhun. Kuma ba ya juyawa a jere. Fanel ne ke ba shi wuta na 'yan daƙiƙoƙi, ya yanke, ya sake ba shi. Idan ka ƙara zafi a manhaja, lokacin juyawar kawai ka tsawaita.

Kada ka fara da zargin moto

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga sukuru ya tsaya a garzaya sayen sabon moto, a ɗaura, matsala kuma tana nan daram. Moto shi ne abu na ƙarshe da za ka zarga. Kafin ka taɓa komai, kashe murhun, bar shi ya huce sarai, sannan ka zare filogi daga bango. Kashewa ta waya ba ta wadatar ba. Wannan moton, duk da sanyin tafiyarsa, yana da ƙarfin murƙushe yatsa.

Ga tsarin da za ka bi:

1. Duba pelet ɗin. Wani lokaci ƙwayoyin kan yi gada a saman bakin sukuru, mazubi a cike amma ƙasa fayau. Haka kuma idan pelet ya ƙare ƙaf aka sake zubawa, bututun yakan ɗauki mintuna kafin ya cika. Wannan ba lalacewa ba ce.

2. Nemi abin da ya maƙale. Kwashe pelet duka, ka zuƙe garin da ya taru a ƙasa da na'urar zuƙe ƙura. Haska fitilar waya cikin bututun. Ƙusa, tsakuwa ko guntun leda duk suna tsayar da sukuru. Babban abokin gabansa kuwa danshi ne: pelet da ya sha ruwa yana kumbura, ya farfashe, ya bushe ya sandare kamar siminti. Idan haka ne, kwance moton, ka riƙa juya sandar gaba da baya da filaya a hankali har ta saki. Kada ka buga da guduma.

3. Duba makunnan tsaro. A nan masu gyara da yawa ke ɓata. Murhun yana da sansar da ke auna jan iska. Idan ƙofa ba ta rufu da kyau ba, ko toka ta toshe bututun hayaƙi, sai ta yanke wa moto wuta da gangan. Akwai kuma mai yankewa idan zafi ya wuce kima, wasu murahun har da na murfin mazubi. Lambar da ta fito a allo ko a manhaja takan nuna wanne ne ya yi aiki, littafin murhun kuma zai fassara maka ita.

4. Sai moto. Bayan ka mayar da komai, kunna ka kasa kunne. Idan yana gurnani ba ya juyawa, har yanzu akwai abin da ya cije, ko giyarsa ta cije. Idan yana juyawa amma sukuru na tsaye, ƙaramin notin da ya haɗa su ne ya kwance, ko haƙoran giya sun cinye. Idan shiru kake ji, sai a auna da mita a ga ko wuta na isa gare shi, wannan kuma aikin mai wutar lantarki ne. Wuta na zuwa amma bai motsa ba, moto ya mutu.

Wurin sayen sabo, tabbatar saurin juyawarsa da ɓangaren da yake juyawa sun yi daidai da na tsohon. Ka lura da wuta ma: na Amurka bolt 120 ne, na Turai 230. Moto mai sauri fiye da kima zai cika kasko da pelet ya jawo zafin da murhun bai iya ɗauka ba.

Abin da ba a wasa da shi

A bidiyoyin YouTube za ka ga masu haɗa wayoyin makunnin tsaro kai tsaye don sukuru ya ci gaba da juyawa. Kada ka bar murhu a haka. Idan bututun hayaƙi a toshe yake kuma pelet na ci gaba da zuba, hayaƙin ɗaki zai dawo, tare da iskar kabon monoksaid. Ita ce dai iskar da ke kashe masu kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi.

Riga-kafi

Sayi pelet mai inganci; a Turai nemi tambarin ENplus A1, wanda danshinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ajiye buhuna a kan katako, nesa da laima. Kada ka juye garin ƙasan buhu cikin mazubi. Ka riƙa zuƙe ƙasan mazubin lokaci-lokaci, idan kuma ka ji ƙara kamar ƙarfe na gogar ƙarfe, duba bushin da ke riƙe da sandar kafin ya cinye. Da hunturu ya wuce, bar murhun ya cinye pelet ɗinsa duka, ka share bututun, don kada saura ya sha danshin bazara a ciki. Sau ɗaya a shekara kuma a kira ƙwararre ya share bututun hayaƙi, tun sanyi bai kankama ba.