Kowa da Ƙofar da Shekararsa Ke Shigowa

Wanda ya sauka a Addis Ababa ranar 11 ga Satumban 2025 ya tarar da gari ya sha ado. 'Yan mata sanye da fararen kaya suna bin gida-gida da 'yar ganga da damin furanni rawaya, manya suna ta yi wa juna barka da ganin sabuwar shekara. In ya ɗaga kai ya dubi allunan bakin titi, 2018 zai gani a rubuce. Mai rubutun bai yi kuskure ba, Habashawa kuma ba barcin shekara bakwai suka yi ba. Haka lissafinsu yake. Wata shida kafin wannan rana, ana tsakiyar azumin 1446, Iraniyawa suka shiga shekararsu ta 1404. Kafin su kuma, ranar 29 ga Janairu, Sinawa sun riga sun yi tasu.

Mu da muka buɗe ido muka ga kalanda rataye a bangon makaranta, yawanci mukan ɗauka ɗaya ga Janairu ita ce kan shekara tun fil azal, sai kuma ɗaya ga Muharram da addini ya koya mana. Amma shekara zobe ce, ba ta da kai ba ta da gindi. Mutane ne ke zaɓar inda za su sa mata alama. In ka bi diddigi kuwa, za ka iske yawancin al'ummomi sun sa alamar ne daidai wurin da ƙasarsu ke farfaɗowa, wato lokacin da ruwa ya zo, ko ya ɗauke, ko sanyi ya saki mutane.

A fara da Masar, don nan ne maganar ta fi fitowa fili. Ƙasa ce da ruwan sama bai cika sauka ba, rayuwarta duk a kan kogin Nilu take. A dā kowace shekara kogin yakan cika ya tumbatsa, ya malale gonaki, in ya janye ya bar baƙar laka mai albarka. Masarawan dā suka lura cewa ambaliyar tana zuwa ne dab da lokacin da tauraruwar Shi'ira ke sake ɓullowa da asuba bayan ta yi makonni ba a ganinta. Sai suka ɗora kan shekararsu a nan, suka raba ta gida uku: lokacin ambaliya, lokacin shuka, lokacin girbi. Wata goma sha biyu ne, kowane kwana talatin, da ƙarin kwana biyar a ƙarshe. Kiristocin Masar, Kibɗawa, suka gaji wannan lissafi, har gobe kuma manomin karkara a can, Musulmi ko Kirista, da sunayen waɗannan watanni yake sanin lokacin shuka da na iska. An gama babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970, ambaliya ta daina isa gonaki, amma watannin suna nan a bakin mutane.

To daga ina ruwan ambaliyar ke fitowa? Mafi yawansa daga tsaunukan Habasha. Daminarsu mai ƙarfi tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, ruwan ya gangara ta Shuɗin Nilu da ke fita daga tafkin Tana, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum, ya miƙe arewa. Ruwan da ya hana Bahabashe sakat wata uku, ya cika masa hanya da taɓo, ya raba ƙauye da ƙauye, shi ne dai ke isa Masar a matsayin arziki. Kalandar Habasha 'yar'uwar ta Kibɗawa ce, rana ɗaya suke shiga shekara. Sai dai abin da ranar ke nufi ya bambanta. A tsaunukan Habasha lokaci ne da gajimare ke yayewa, rana ta fito, wani fure rawaya da suke kira adey abeba ya rufe tuddai, hanyoyi su bushe, dangi su sami damar ziyartar juna. Sunan bikin Inkutatash, kuma suna ba da labarin cewa ya samo asali ne daga duwatsu masu daraja da aka tarbi Sarauniya Bilkisu da su bayan ta dawo daga wurin Annabi Sulaimanu. Kwanakin nan biyar na ƙari, ko shida duk bayan shekara huɗu, su suke kira Pagume, suna lissafa su a matsayin wata na goma sha uku. Ratar shekara bakwai zuwa takwas da ke tsakaninsu da kalandar Turawa ta samo asali ne daga saɓanin malaman coci na dā kan shekarar da aka haifi Annabi Isa. Shi ya sa Habasha ta yi bikin shiga shekara ta 2000 a Satumban 2007, bayan sauran duniya ta gama nata ta manta.

Na Iran kuwa ya fi kowanne tsantseni wajen lissafi. Nauruz, wato sabuwar rana, tana faɗawa ne ranar da dare da yini ke daidaita tsawo, 20 ko 21 ga Maris. Ba tsakar dare ake jira ba, daƙiƙar da rana ke ƙetare tsakiyar duniya ake jira, ko da ta faɗo ƙarfe uku na dare ko bayan azahar. Iyali kan zauna gaban shimfiɗa suna duban agogo. A kan shimfiɗar akwai abubuwa bakwai da sunan kowanne ke farawa da harafin sinun a Farisanci: tsiron alkama da aka jiƙa tun kwanaki, wani kunu mai zaƙi na alkamar da ta tsira, busasshen ɗan itace mai kama da magarya, tafarnuwa, tuffa, wani jan gari mai tsami da ake barbaɗawa a nama, da ruwan khal. Makonni kafin ranar ana yi wa gida sharar da suke kira girgiza gida, a fitar da darduma a kakkaɓe, a wanke duk abin da ke wankuwa. A daren Larabar ƙarshe ta shekara matasa kan hura wuta a titi suna tsallakawa. Rana ta goma sha uku kuwa ba mai zama a ɗaki, kowa ya kwashi tukunya da tabarma ya tafi bayan gari, a jefa tsiron alkamar nan cikin ruwa mai gudu.

Sai wanda ya san sanyin tsaunukan can zai fahimci wannan murna. Masu fassara sukan kira lokacin da bazara, amma kalmar tana ɓatar da Bahaushe, don bazararmu zafi ne da gumi da jiran hadari. Nasu lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa bayan watanni, itatuwan da suka zama kamar matattu su yi toho, dabba ta fita daga garke. Bikin ya girmi Musulunci a Farisa da ƙarnoni masu yawa, kuma malamai sun daɗe suna saɓani kan wasu ɓangarorinsa, musamman tsallaken wuta. Duk da haka Musulmi ne suka gyara masa lissafi. Sarki Malik Shah na daular Saljuk ya tara masana taurari, cikinsu har da Umar Khayyam, suka tsara kalandar rana wadda ta fara aiki a 1079, ta tsayar da Nauruz a wurinta. Kalandar Iran ta yau daga Hijira take ƙirga, amma da rana maimakon wata, dalilin da ya sa tasu ta kasance 1404 lokacin da tamu ke 1446. Bayan Iran, ana yin bikin a Afganistan da Tajikistan da Azarbaijan da ƙasashen tsakiyar Asiya da wajen Kurdawa. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga Maris.

Sinawa sun haɗa wata da rana. Da wata suke ƙirga, amma don kada bikin ya zame daga ƙarshen sanyi, sukan cusa wata na goma sha uku sau bakwai cikin kowace shekara goma sha tara. Shi ya sa sabuwar shekararsu ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Jigon bikin shi ne cin abincin dare da iyaye, don haka ma'aikatan birane kan yi ɗango zuwa ƙauyukansu, jiragen ƙasa su cika maƙil har tsawon kwana arba'in. Duk wanda ya taɓa neman mota a tasha ana jajiberin sallah ya san irin abin, sai dai a ninka masa.

A Tailan kuma tsakiyar zafi aka sa alamar, 13 zuwa 15 ga Afrilu, kafin saukar damina. Asalin al'adar Sonkiran ladabi ne: yaro ya zuba wa dattijo ruwa mai ƙamshi a tafin hannu, dattijo ya sa masa albarka. Yau a manyan birane ta koma yaƙin watsa ruwa da bindigogin roba da bokitai, baƙi 'yan yawon buɗe ido sun fi masu gida zaƙewa, hukuma kuma kowace shekara tana fama da haɗurran mota a makon. A ganina wannan shi ne abin da ke samun kowace al'ada in kasuwa ta gano ta: a riƙe ɓangaren da ke da hayaniya, a yar da wanda ke da ma'ana.

Ita kanta ɗaya ga Janairu ba ta da wata alaƙa da shuka ko girbi. Rumawan farko da Maris suke fara shekara, shaidar kuwa tana cikin sunayen da muke furtawa kullum. Satumba daga kalmar bakwai take a Latin, Oktoba takwas, Nuwamba tara, Disamba goma, alhali yau su ne na tara zuwa na goma sha biyu. Janairu ta sami gaba ne saboda daga shekara ta 153 kafin miladiyya a ranar ɗaya gare ta sababbin shugabannin Rum ke kama aiki. Ranar ofis ce ke nan. Ingila ma da ta kawo mana wannan kalanda, a hukumance sai 25 ga Maris take canja shekara har zuwa 1752. A wannan shekarar ce ta koma Janairu, ta kuma tsallake kwana goma sha ɗaya, aka kwanta 2 ga Satumba aka tashi 14 ga wata. Har yau shekarar harajinsu daga 6 ga Afrilu take farawa, saura ne na wancan tsohon lissafi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Mawori, 'yan asalin Niyu Zilan. Da yake suna kudancin duniya, tsakiyar sanyinsu a Yuni da Yuli yake. A lokacin ne wasu taurari da ke cure wuri ɗaya, waɗanda suke kira Matariki, ke sake fitowa kafin ketowar alfijir. Mutane kan taru cikin sanyi su jira su, a ambaci sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, a ci abinci tare, dattawa su dubi hasken taurarin su yi hasashen yadda amfanin gona zai kasance. Al'adar ta kusa ɓacewa bayan zuwan Turawa, aka farfaɗo da ita, har gwamnati ta mai da ranar hutun ƙasa, aka fara ranar 24 ga Yunin 2022. Waɗannan taurari fa ba baƙi ba ne a wurinmu. Su ne Larabawa ke kira Surayya, kakanninmu kuma suka raɗa musu kaza da 'ya'yanta.

Nan ne maganar ta iso gida. Bahaushe lissafi biyu yake riƙe da su, bai taɓa rikita su ba. Na farko na wata ne, wanda aka tsara zamanin Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi, aka ƙirga daga Hijira. Shekararsa kwana 354 ce ko 355, kuma Alƙur'ani ya hana cusa mata ƙarin wata irin wanda Larabawan jahiliyya ke yi. Saboda haka kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya, azumi ya zaga bazara da hunturu da kaka da damina, ya dawo inda ya taso bayan shekara talatin da uku. Mai shekara hamsin ya yi azumi cikin zafin da ke busar da maƙogwaro, ya kuma yi shi cikin sanyin da ba a jin ƙishirwa. Al'adun da suka rataya da wannan lissafi, irin su tashe da hawan sallah da cika-ciki da kuɗin sharar da taubasai ke karɓa a wajen juna, duk tare da wata suke yawo.

Na biyun na ƙasa ne, shi ba ya motsi. Kalankuwa da dambe da kokawa da yawan bukukuwan aure sai kaka, lokacin da rumbu ya cika, aljihu ya yi nauyi. Farauta sai rani. Makiyaya, Abzinawa da Fulani, sai ƙarshen damina suke haɗuwa a Ingal ta jihar Agadas don dabbobinsu su lashi gishiri. Manomi ba ya tambayar wane watan Musulunci ake ciki kafin ya yi shuka. Malamin ƙauye yake tambaya wace tauraruwa ake ciki, ko ya dubi tohon itatuwa, ko ya ga shamuwa ta dawo kan kuka.

Wannan lissafi na biyu ne ke zamewa daga hannunmu, don na farko masallaci na tsare da shi, na Turawa kuma ofis da waya suna tsare da shi. Matashi zai gaya maka ranar da Sinawa ke bikinsu don ya gani a Facebook, amma ka nuna masa sama da asuba ka ce ya fitar maka da kaza da 'ya'yanta, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. In akwai tsoho a gidanku ko a unguwarku da ya san taurarin damina da kwanakin kowacce, ka je ka gaishe shi a wannan makon, ka tafi da biro da takarda.