Ko Ka Sani? Rubu'i, Na'urar da Tauraronta Ya Nutse a Gaɓar Akanda

Masu ɗaukar hoton kayan tarihi suna son rubu'i, wato tsohuwar na'urar awon taurari da Turawa ke kira kwadirant. Dalilin a fili yake. Tagulla ce mai sheƙi ko katako mai santsi, an zane fuskarta da layuka da lambobi siri-siri, ta ko'ina haske ya bugo ta sai ta ɗauki ido. A Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan akwai wani rubu'in tagulla da Muhammad ɗan Ahmad al-Mizzi ya ƙera a Dimashƙu wajen shekarar 1333, wanda ko yau aka dube shi sai an yaba wa hannun da ya yi shi. Sai dai hoton rubu'i a cikin akwatin gilashi bai nuna aikinsa, domin abin da yake aunawa yana can sama. A ganina, mai son ya gane wannan na'ura, ko ya ɗauki hoton da zai bayyana abin da take yi, babu inda ya fi cancanta ya tsaya kamar bakin tekun Akanda, arewa da Libreville a ƙasar Gabon. A nan ne awonta yake sauka kusan sifili, kuma a wannan yanki na teku ne aka tilasta wa masu amfani da ita su sake tunani tun daga tushe.

Siffarsa ba ta da wuya. Kamar a raba faifai gida huɗu ne a ɗauki yanki ɗaya: gefe biyu miƙaƙƙu, gefe ɗaya lanƙwasasshe. A kan lanƙwasar ake zana digiri daga 0 zuwa 90. A jikin ɗaya daga miƙaƙƙun gefunan akwai 'yan ƙofofi biyu na hange, sannan daga kusurwar da gefunan suka haɗu ake rataya zare mai ɗan dunƙulen darma a ƙarshensa. Mai awo zai ɗaga rubu'in har ya hango tauraro ta ƙofofin biyu a lokaci ɗaya. Zaren kuwa ba ruwansa da yadda aka karkata katakon, ƙasa kawai yake nufa, saboda haka lambar da ya faɗa a kai ita ce tsayin tauraron daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Na'urar ke nan gaba ɗaya. Abin da ya ba ta daraja shi ne Tauraron Arewa, wanda yake zaune dab da maƙallin da sararin sama ke juyawa a kansa. Wanda yake can ƙuryar arewacin duniya zai gan shi a tsakar kansa, digiri 90. Wanda yake kan layin ikwaita zai same shi kwance a gefen sama, digiri 0. Tsakanin waɗannan biyu, tsayin tauraron kusan daidai yake da nisan mutum daga ikwaita, kuma kowane digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne a ƙasa. A Kano rubu'i zai nuna kusan 12, a Zariya 11, a Katsina da Sakkwato 13, a Maraɗi 13 da rabi, a Legas 6 da rabi. Mai shakka ya miƙa hannunsa da dare a bayan gari ya dunƙule shi: faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne, kuma a Kano Tauraron Arewa yana ɗan sama da dunƙule ɗaya.

Kafin matuƙan jiragen ruwa su ɗauke shi, rubu'i kayan aikin malamai ne. Tun ƙarni na 9 masana a Bagadaza suka yi rubutu a kan irin wanda ake kira rubu'ul mujayyab, mai zanen raga a fuskarsa, wanda ban da awon tsayin rana ana yin lissafi da shi. A da, manyan masallatan Sham da Masar suna da ma'aikaci na musamman, muwaƙƙit, wanda aikinsa fitar da lokutan salla, kuma al-Mizzi ɗaya ne daga cikinsu a Masallacin Umawiyawa na Dimashƙu. Ilimin taurarin da ke bayan wannan aiki bai tsaya a can ba. Da wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824 ya baje kayan awonsa a gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa Bello ya san buruji 12 da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Na kawo wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka labarin na wasu ne can nesa.

Mutanen Fotugal ne suka sa rubu'i a jirgi suka nufo kudu da shi ta gaɓar Afirka ta Yamma. Wani matuƙi mai suna Diogo Gomes ya ba da labarin cewa ya yi amfani da shi a tafiyarsa ta wajen 1460. Matuƙan farko ba su ma damu da digiri sosai ba. Sunayen wurare suke rubutawa a kan lanƙwasar, a daidai inda zaren ya tsaya: nan Lisbon, wajen digiri 39, nan wani tsibiri, nan bakin wani kogi. A 1469 Sarki Afonso na Biyar ya ba wani attajirin Lisbon, Fernão Gomes, ikon cinikin wannan gaɓa shi kaɗai, bisa sharaɗin jiragensa su riƙa gano sabon yanki mai tsawo kowace shekara. A 1471 suka kai gaɓar zinariya da ke Ghana ta yau, wajen 1472 suka shigo bakin kogin Komo inda Libreville take yanzu, wajen 1473 kuma Lopo Gonçalves ya tsallake ikwaita, sunansa ne ma aka sa wa tsinin ƙasar da ke kusa da Port-Gentil, wato Cap Lopez. Duk tsawon wannan gangarowa, tauraron da suka dogara da shi yana ta yin ƙasa dare bayan dare, har hazon teku ya fara haɗiye shi tun kafin su iso Gabon.

Akanda, wadda aka mai da ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta a 2013, masu bin ƙwallo sun san ta ko da ba su san sunanta ba, domin a filin wasa na Angondjé da ke cikinta ne Zambiya ta ci kofin Afirka a 2012. Daga can ƙasar ta miƙe arewa har Cap Estérias, inda teku ya buɗe, gabas kuma akwai gandun dajin Akanda da aka kafa a 2002, mai itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Libreville ba ta kai rabin digiri arewa da ikwaita ba, Cap Estérias kuma ya ɗan haura rabin digiri kaɗan. Ga inda lissafin yake cakuɗewa. Tauraron Arewa ba a kan maƙallin yake daidai ba. A yau yana kewaya shi da tazarar da ta kai kusan kashi biyu cikin uku na digiri, a ƙarni na 15 kuwa tazarar ta kai wajen digiri 3 da rabi, shi ya sa matuƙan wancan zamani sai sun duba matsayin wasu taurari biyu da ke kusa da shi kafin su gyara awonsu. Sannan iska tana lanƙwasa haske: duk abin da yake dab da gefen sama ana ganinsa sama da ainihin wurinsa da kimanin rabin digiri. Ke nan a Akanda kuskuren da iska ke jawowa ya kai girman abin da ake son aunawa, kewayen tauraron kansa ya fi shi, zaren kuma rawar hannu kaɗai ta isa ta kaɗa shi fiye da haka. Na'urar lafiyarta ƙalau, amma tambayar da aka saba yi mata ba ta da amsa a nan.

Kyamara za ta iya nuna wannan fiye da kowane bayani. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka idan aka kafa kyamara a kan ƙafafunta aka bar idonta a buɗe na tsawon lokaci, kowane tauraro zai bar zane a hoton. A Kano, in an fuskanci arewa, zane-zanen za su fito a da'irori kewaye da wani ɗigo da ke digiri 12 sama da ƙasa. A Cap Estérias wannan ɗigo yana kan layin ruwa, sai a samu rabin da'irori suna fitowa daga teku suna komawa cikinsa. In aka juya gabas, taurarin za su tashi a miƙe tsaye, ba karkata. Tsayin tsakiyar da'irorin a hoton shi ne lambar da zaren rubu'i yake nunawa. Babbar matsalar mai ɗaukar hoton ita ce gajimare. Libreville tana samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, kuma ko a ranin Yuni zuwa Agusta sama takan wuni a lulluɓe.

Da tauraro ya ƙi, sai aka koma ga rana. Tsayinta da tsakar rana ma yana gaya wa mutum inda yake, kuma ba sai an dube ta da ido ba: a bar haskenta ya ratsa ƙofar sama ya faɗa kan ta ƙasa, sannan a karanta zare. Amma rana ba ta zama wuri ɗaya. A cikin shekara tana kaiwa digiri 23 da rabi arewa da ikwaita, ta dawo ta kai haka kudu. Shi ya sa take wucewa ta tsakar ka a Kano bayan tsakiyar Afrilu da bayan tsakiyar Agusta, a Akanda kuwa wajen ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba. Awon rana ba shi da amfani sai da jadawalin da zai faɗi matsayinta a kowace rana ta shekara. Irin wannan jadawali ne Abraham Zacuto, malamin Bayahude na Salamanca, ya tsara, yana gini a kan aikin masanan Andalus irin su al-Zarƙali na Toledo. José Vizinho, wanda Sarki João na Biyu ya aika gaɓar Afirka ta Yamma a 1485 don gwada awo da rana, shi ya fassara littafin, aka buga shi a Leiria a 1496. Hujjata ke nan: ƙarfin rubu'i yana cikin ilimin da ake karanta lambarsa da shi, ilimin da aka yi ƙarnuka ana tarawa a Bagadaza da Dimashƙu da Toledo, kuma ɓacewar tauraro a kusa da ikwaita ce ta fito da hakan sarari.

Wani zai ce ana zuzuta abin ne, tunda mai bin gaɓa ba ya bukatar na'ura, kuma mutanen Benga na Cap Estérias da Mpongwe na bakin Komo sun daɗe suna tuƙa kwale-kwale a waɗannan ruwaye ba tare da tagulla ko jadawali ba. Gaskiya ne, kuma sanin da suka yi wa igiyar ruwa da iska da rairayin da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa ya fi na kowane baƙo. Amma baƙon matsalarsa daban ce. Iska da igiyar ruwa ba sa barin jirgin da ya gangaro ya koma Lisbon ta hanyar da ya zo, dole ya yi nisa cikin teku inda ba ƙasar gani. Sannan akwai tsibirai. Sao Tome tana yamma da gaɓar Gabon da fiye da kilomita 200, kuma garinta kusan layi ɗaya yake da Libreville. Dabarar samun irin wannan wuri ita ce jirgi ya tafi har awo ya nuna ya kai layin, sannan ya juya gabas ko yamma ya riƙe lambar har ya ga ƙasa. Wani kuma zai ce ai a kan jirgi mai tangaɗi zare ba ya tsayawa, don haka matuƙa suka fi karkata ga wasu na'urori, asturlabin teku mai nauyi da kuma sandar awo. Wannan ma haka ne, kuma shi ya sa awon da aka fi amincewa da shi a tudu ake sauka a yi shi. Amma duk na'urorin da suka biyo baya, daga wadda John Davis ya ƙirƙiro a shekarun 1590 da ta John Hadley ta 1731 har zuwa sakistan, kusurwar nan ɗaya suke aunawa. Ko da zuwan GPS ba a yar da ita ba: a 2015 makarantar sojan ruwan Amurka da ke Annapolis ta dawo da koyar da tuƙi da taurari, saboda tsoron ranar da za a toshe ko a gurɓata saƙon tauraron ɗan'adam.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na wanda zai tambayi me ya sa za a yabi abin da ya nuna wa masu fataucin bayi hanya. Ban ga yadda za a kauce wa wannan ba, kuma bai kamata a kauce ba. Awon da ya sa jirgi ya iya samun Sao Tome ba kuskure shi ne ya sa aka iya mai da tsibirin gonar rake da bayi ke nomawa tun daga shekarun 1490, ya kuma zama zangon da ake tara mutane kafin a haye da su Atilantika. Bakin Komo da Cap Lopez sun zama kasuwannin wannan fatauci, musamman a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Jadawalin da aka gada daga masu lissafin lokutan ibada ya ƙare a hannun masu lodin mutane, kuma duk bayanin rubu'i da ya tsallake wannan bai cika ba. Libreville kanta, wadda Akanda ta tsiro a gefenta, an kafa ta a 1849 domin zaunar da mutanen da sojojin ruwan Faransa suka ƙwato a 1846 daga wani jirgin bayi mai suna Elizia.