Kafin Mu Sayi Sifirin Bawul Na Hannu

Da yawa daga cikinmu, in mun gama makaranta, za mu yi hulɗa da mota, wasu a matsayin makanikai, wasu masu ita. Duk wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san yadda ake tara kayan inji na hannu, masu araha. A cikinsu akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake rainawa, wato sifirin bawul.

Bawul shi ne ƙofar da ke shigar da iska da mai cikin silinda, ko ta fitar da hayaƙi. Sifirin kuwa shi ke mayar da ƙofar ta rufe. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kowane bawul yana buɗewa sau 1,500, wato sau 25 a daƙiƙa guda. Injin Peugeot 504, motar da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, yana da bawul 8. Bayan shekaru ana wannan aiki cikin zafi, dole ƙarfe ya gaji. Sifirin da ya gaji ba ya rufe bawul da kyau, sai mota ta rasa ƙarfi, bawul ya ƙone. In kuma ya karye, bawul na iya faɗawa ya daki fistan, inji ya lalace.

To, yaya za mu gane mai kyau? Ga hanyoyi huɗu.

Na farko, mu wanke shi da kananzir, mu duba shi a haske. In mun ga tsatsa ta yi masa rami, ko wata 'yar tsaga, mu ajiye shi. Daga irin wannan rami ne karaya ke farawa.

Na biyu, mu jera su a kan gilashi tare da sabo guda ɗaya, mu ɗora rula a kansu. Wanda ya fi sabon gajarta ya riga ya gaji.

Na uku, mu tsayar da shi a jikin sukwaya irin ta kafinta, mu juya shi a hankali. Idan tazarar da ke tsakanin kansa da sukwayar ta kai milimita 2, ya karkace, kuma zai riƙa jan bawul gefe guda.

Na huɗu, mu gwada ƙarfinsa. Mu haɗa tsoho da sabo baki da baki, da faffaɗan ƙarfe a tsakaninsu, mu sa a bais mu matse a hankali. Mai rauni zai fi lanƙwashewa. Mu kawar da fuska, domin sifirin na iya fizgewa ya sami ido.

Idan mai shago ya hana mu gwadawa, mu bar masa kayansa. Kuma mu tabbata duka daga irin inji ɗaya suka fito, gama tsawo ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya.

Kuɗin sabon sifirin kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin fistan da ladan sake buɗe inji. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Na hannu da ya ci duk gwajin nan huɗu, ana iya sayensa. Wanda ya faɗi ko ɗaya, ko kyauta aka ba mu, ya yi tsada.