Ɗanki Yana Karatu a Waje, Zuciyarsa Tana Birnin Gwari

Uwargida, ranar da muka raka yaro filin jirgi za shi karatu Masar ko Sudan ko Indiya, mukan ɗauka ya huta, tunda ya bar fargabar hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. To, jikinsa ne kawai ya tafi.

Ki tuna shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomin Jihar Kaduna, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, don a takura wa 'yan bindigar daji. Ɗalibin da ke Alkahira sai ya ga labarin hari a Facebook, ya kira gida, waya ba ta shiga, ga jarrabawa gobe. Wane karatu zai zauna a kansa?

A Afrilun 2023 kuma reshe ya juye da mujiya. Yaƙi ya ɓarke a Khartoum, sai iyaye ne suka koma zaman jiran waya, har aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, daga nan jirgi ya dawo da su Abuja. A shekarar ce darajar naira ta rikito, kuɗin da ake aika wa na waje ya daina kai su ƙarshen wata.

Yaranmu kuwa ba sa faɗa. Wanda ya san gona aka sayar aka tura shi, da wane baki zai ce ya gaji? "Lafiya lau, Umma," shi ke nan, alhali ba ya barci, abinci ma sai ya tuna.

Mu ma da laifinmu. Wata tana ɓoye masa rasuwa har ya tsinci labarin a bakin duniya, wata kuma da ya kira sai ta juye masa duk damuwar gida. Ki ware ranar waya, ko Juma'a ce bayan an sauko. In abu ya faru, daga bakinki ya fara ji, a taƙaice. Kada ki tsaya kan sakamakon jarrabawa. Tambaye shi da wa yake cin abinci, ko yana zuwa jam'i, ko yana shiga cikin 'yan uwansa ɗaliban Najeriya. In rashin barcin ya wuce mako biyu, ki ci gaba da yi masa addu'a, amma ki sa shi ya je asibitin makaranta ya ga likita.